Kofi na Arba'in da Uku

Ni ce Rifkatu, mai jiƙa zoɓon jibin Ubangiji
a cocinmu na Gidan Nomau,
tun rufin yana na ciyawa, tun ba a kafa kwano ba.
Rabaran yakan zo daga Rano a kan babur
sau ɗaya a wata uku, in rafi bai kawo ba.
Mu Metodis ba ma zuba abin da ke bugarwa;
abin da gona ta ba mu, shi muke ɗagawa.

Ƙananan kofuna arba'in da uku ne a faranti.
Arba'in da biyu ake sha.
Ɗayan yakan dawo mini a cike, ƙuda na kewayawa.

Na Filibus ne. Tunau muke ce masa a gida.
A bayana ya yi barci ranar da aka binne uwarsa.
Ni na riƙe shi aka yi masa baftisma,
ya yi atishawa, coci ya ɗauki dariya.
Ya tashi ya fi son murhu a kan garma,
murya siririya, hannu na karyewa in yana magana.
Shekara tara yana sayar da abinci a tasha a Kano,
ya dawo da tukwane biyu da wani Ishaya,
ba wansa ba, ba ƙanensa ba,
ba kuma wanda ya tambaya, don kowa ya san amsa.

Dattawa suka zauna a gindin ɗorawa.
Suka ce ya zo sujada, ƙofa ba ta da sakata,
amma bencin baya, inda ake jingine kekuna.
Baikonsa a karɓa.
Waƙa, ya yi ta a zuci.
Tebur kuwa, a'a.
Dattijo Barau ya ce in zancen nan ya tsallake rafi
ba Tunau kaɗai zai ci ba, har da mu da rufin kwanonmu.
Ban ce ya yi ƙarya ba.
Tsoro ɗan gari ne, tabarma ɗaya muke kwana.

Amma wa ya dafa shinkafar godiyar kaka?
Da kububuwa ta sari Barau a gonar gyaɗa,
a bayan wa ya isa asibiti, in ba Ishaya ba?
Tuwon mutum ya shiga cikinka,
shi kuma a ce ba zai shiga sahunka ba?

Bana hannuna ya soma rawa, tulu ya fi ƙarfina.
Daren Asabar Tunau ya shigo da fitila,
ya tsince zoɓon, ya tafasa, ya tace da farin ƙyalle,
ya jera kofuna yana ƙirgawa a hankali.
A kan na ƙarshe ya tsaya.
"Inna, wannan fa?"
Na ce, zuba.

Da safe suka durƙusa, suka sha.
Barau har da lasar leɓe.
Ban ga wanda harshensa ya ƙone ba.

Ni ban yi boko ba, abin da kunne ya ji na riƙe:
Mai teburin nan ya san masu gudu su bar shi kafin asuba,
ya gutsura gurasa, ya miƙa musu duk da haka.
To mu da aka ba alhali ba mu cancanta ba,
yaushe aka naɗa mu masu gadin faranti?

Sai na ɗauki nawa, na ɗauki nasa,
na juya wa bagade baya.
Coci tsit, sai silifas ɗina ke faɗa da siminti.
Zoɓon ya ɗiga a zanena, ban tsaya ba.
Tunau ya karɓa da hannu biyu, kamar mai karɓar jariri.
Rabaran ya daɗe yana duban littafinsa.
Bai ce bari ba, bai ce ci gaba ba.
Wata daga zumuntar mata ta ja tsaki,
wata ta share ido da bakin gyale.

Ko me za a yanke a gindin ɗorawa, oho.
Ta taga dai na hango Ishaya a rana,
hula a hannu, bai shigo ba, bai tafi ba.
Na taɓa ƙullin kuɗin da ke bakin zanena.
Jibi kasuwa.
Kofi ɗaya nawa ne yanzu?