Cikin Akori-Kura

Shekara talatin da ɗaya na yi a kwance
bisa kwali, a garejin Dilimi,
ina kallon motoci ta inda ba a yi musu kwalliya.
Mutane sun san fuskar mota.
Ni cikinta na sani.

Da gwiwa ta ƙi, likita ya ce a huta,
ɗana ya aiko min wata a ɗan akwati:
Fijo akori-kura, ba ta kai tafin hannuna ba,
roba fes, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.
Kwana huɗu na haɗa ta. Na kifar, na duba,
na ce, wannan ƙarya ce.
Ba motar da ta taɓa bi ta Gada Biyu
da ciki irin wannan.

Sai na ɗauke soson ƙarfe a madafin Kande,
na jiƙa shi a ruwan tsami kwana bakwai
har ya zama tsatsa ta gaske, mai ƙarni.
Ita ce shafin fari.
A yayyafa ruwa, a barbaɗa gishiri,
a bi da baƙin fenti, a tafi azahar.
In ya bushe a kankare da tsohon buroshin haƙori.
Duk inda ƙwaya ta faɗi, ja ya leƙo,
yadda ƙarfe ke yi in damina goma ta lashe shi.

Baƙin mai yana da hanyarsa.
Daga gindin giya yake ɗiga, iska ta ja shi baya;
wanda ya zana shi gaba bai taɓa shiga rami ba.
Fenti kaɗan, kananzir da yawa, bakin tsinke.
Kan noti kuwa fensir ne, a yi ta gogawa
har ya yi ƙyallin nan da sifana ke bari.

Laka ba a ƙirƙirarta.
Na hau keke-napep har Bukuru,
bakin kududdufin kuza na cika gwangwanin madara,
na tankaɗe da tsohon mayafi, na dama da gam,
na fantsama bayan tayu, can lungun madigadi
inda ruwan mai wanki ba ya kaiwa.

Jikata Hajjo ta ce, Kaka,
don me kake ɓata sabon abu?
Na ce, ba ɓatawa nake ba, shekaru nake ba ta.
Ta taɓe baki ta fita.

Abin da ban faɗa mata ba: motar Pam ce.
Shi da ke kwaso dankali daga Bokkos zuwa Farin Gada.
Wani dare salansarsa ta faɗi a Mararrabar Jama'a,
ana ruwa da ƙanƙara,
na ɗaure masa ita da waya, na ce dawo Litinin.
Shekara tara wayar nan na riƙe da ita.
Ya rasu ina bin sa naira arba'in,
yana bi na Litinin.

Don haka na zare sili ɗaya daga wayar rediyo,
na naɗe ƙaramar salansar sau uku,
na murɗa hagu, don ni bahago ne.

Jiya Chundung, matarsa, ta zo duba gwiwa.
Ta ga motar a kan kabad, ta ɗauka,
ba ta ko kalli fentin sama ba, ta juya ta.
Ita ce ta riƙe mana tocila a daren nan.
Ta daɗe, yatsanta na bin farfela,
ya tsaya.

Ta ce, har da wayar.

Sai ta mayar da ita bisa tayoyinta, a hankali,
ta duba ɗan jan da ya rage mata a yatsa,
ba ta goge ba.
Kande ta kawo shayi.