Lilon Tan Talatin

A hawa na uku na jami'a
igiya ba ta tsatsa.
Siririn layi ce a kan allo,
kwantena ɗigo ne a bakinta.
Farfesa Wilk ya kaɗe alli daga hannun riga,
ya ce: Bogna, kafin ƙarfe ya motsa
sai takarda ta rantse.

Wata goma sha huɗu ina ba takarda rantsuwa.

A tashar jiragen ruwa ta Gdansk
Injiniya Sobczak ba ta karanta shafi arba'in ɗin ba.
Ta buɗe na ƙarshe, ta dubi agogo,
ta ce: Jirgi zai iso Alhamis.
Manhajar taki za ta hana kaya lilo,
ko in kashe ta, in bar wa Ludwik?

Shi hujja yake nema, ita Alhamis.
Ni ce a tsakani,
hular kwano da littattafai a jaka ɗaya,
jirgin ƙasan ƙarfe shida ya haddace fuskata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ƙugiya ta ɗaga tan talatin,
lambobina suna gudu a allo, kore, kore, kore,
sai kwantena ya fara girgiza kai
kamar dattijon da aka yi wa ƙarya a gaban jama'a.
Dama. Hagu. Dama, har ya zarce.
Daga can sama wani ya danna jan maɓalli.
Komai ya tsaya,
ban da tsuntsayen teku da zuciyata.

Matakala ɗari biyu da sha ɗaya na taka
kafin in ga mai hannun.
Ludwik bai yi faɗa ba.
Ya zuba mini shayi a murfin fulas,
ya ce: Ma'aunin iskarku yana rufin ofis.
Ta can daban, ta nan daban.
In jirgi ya sauke rabin kaya yakan ɗago daga ruwa,
iska ta bugi haƙarƙarinsa, ta dawo a fusace.
Igiya kuma, in sanyi ya kama ta,
ba ta amsa kira nan take.
A kujera nake ji kafin ido ya gani.

Na ce: A ina aka rubuta wannan?
Ya ce: Wa ya tambaya?

Mako na gaba na jawo Farfesa.
Hular ta yi masa yawa, gwiwa tana ƙara,
ya huta sau uku a hanya,
ya zauna awa biyu a bayan Ludwik bai ce uffan ba,
sannan ya roƙi biro
ya soke layi na tara a lissafinsa.

Sobczak ta ba mu dare uku, ba ƙari,
ta kawo burodi da kifi mai gishiri,
ta tsaya tare da mu a cikin ƙanƙara
tana zagin farashin kowace daƙiƙa.
Lauyan kamfani ya ce a goge lambobi kafin a buga,
Farfesa ya ce in babu lambobi tatsuniya ce.
Har yau ba su gama ba.

Dare na uku, wajen asuba,
tan talatin ya sauko a hankali
kamar ƙwai a tafin yarinya,
ya zauna a gurbinsa bai ce komai ba.

Ba wanda ya tafa. Hannaye sun daskare.

Na ce zan sa sunansa a takarda.
Ya ce in dai zan rubuta shi daidai.
Ya jingina, ya bar manhaja tana tuƙi,
yana kallon Baltik yana hamma,
amma na lura da yatsansa:
bai yi nisa da jan maɓallin ba.

Wannan tazarar, tsakanin yatsa da maɓalli,
ita nake aunawa yanzu.