Shirun Merluza

A kan tudun Valparaíso nake zaune,
inda gidajen kwano ke dafa kafaɗar juna
don kada su zame cikin teku.
Matakala ɗari da sha bakwai ne tsakanina da mai burodi,
gwiwata ce ta ƙirga.

Karyata sunan kifi gare ta, Merluza,
don bayan rumfar masunta na tsince ta,
tana ƙarni, tana rawar ɗari, ba ta kai tsawon takalmina ba.
Ta girma, bakinta ya riga ta girma.
Mai kawo wasiƙa ya sha,
mai tallan gas da ke ƙwanƙwasa tukwanensa ya sha,
jirgin ruwa in ya yi kuka can ƙasa sai ta amsa masa,
har rigar da na shanya,
in iska ta ɗaga mata hannu.
Ita ke haushi, unguwa ke jin haushi.

Griselda, maƙwabciyata, aikin dare take a asibiti.
Wata safiya ta tsaya a ƙofata, ido jawur.
Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.
"Don Eleuterio, kwana uku ban runtsa ba.
Jiya saura ƙiris in ba wani tsoho maganin wani."

Na yi tsawa, na buga murfin tukunya, na watsa ruwa.
Sai muka zama mu biyu muna yi.

Ximena ta hawo tudun da jakar busasshiyar hanta,
yarinya ce, sa'ar jikata.
Ba karyar ta kalla ba, ni ta kalla.
"In ka yi mata ihu, gani take ka shigo amshi.
Bar ta ta yi biyu. Tashi, je taga, duba abin da ta gani.
Ce mata: na gani, ya isa.
In ta rufe baki, ko na numfashi guda ne,
sa mata hanta kafin ta sake tunani."

Na ce, ni da furfurata zan gode wa kare?
Ta ce, gadinka take yi, ba ka taɓa biyanta ba.

Mun manna jarida a ƙasan taga.
Yaron gidan kusurwa ya danna ƙararrawa sau talatin a yini,
ina biyansa da alewa.
Kullum asuba mu gangara bakin ruwa, mu hawo,
ta gaji, na fi ta gajiya.
Aljihuna ya yi warin mahauta.
Mako na biyu ta koma gidan jiya, na kusa jefar da jakar.
Mako na bakwai mai gas ya wuce da kiɗansa,
ta ce wuf, sau ɗaya, ta juyo ta dube ni,
wutsiya na share daɓe.

Griselda ta aiko da miyar kabewa.
Gidan ya yi tsit, har ina jin agogon marigayiya
da na manta yana tafiya.

Sai wani dare cikin sanyin Yuli.
Na farka, hancinta a tafin hannuna, sanyi ƙalau.
Jikinta na kyarma, haushin ya cika mata wuya,
ta riƙe shi kamar mai riƙe garwashi a baki,
tana kallona.
Kofi ya fara taɓa kofi a kan kanta.
Fitilar rufi ta soma lilo.

Na ce, yi, Merluza. Yi!

Ta saki. Tudun duka ya ɗauka, kare bayan kare,
fitilu suka kunnu, ƙofofi suka buɗe,
muka tsaya a titi cikin barguna
har ƙasa ta gama miƙarta.

Da muka koma ciki na laluba aljihu.
Ban san wanne zan biya ba,
shirun ko haushin.
Na juye mata jakar duka.