Kalmomi Biyu a Kasuwar Tasalonika

Kakana Thrasivulos mahauci ne.
Saura mako guda Ista
yakan tsaya bakin rumfarsa a Kapani,
ya buɗe bakin ɗan rago, ya duba haƙori,
ya shafa ƙafafu huɗu, ya leƙa ƙwayar ido.
In ya gamsu sai ya ce: amomos.
Ba tabo, ba ɗingishi.
Kalmar ta girme shi nesa ba kusa ba,
da ita ake zaɓar dabbar bagadi.

Ni kuwa a aji,
Malama Evanthia ta rubuta 'yar'uwarta a allo:
amemptos.
Ta ce harafin farko ƙofa ce a rufe,
abin da ta rufe wa kuwa, zargi ne.
Mutumin da aka juya ciki da bai
aka rasa ƙusar rataya masa ƙorafi.
An faɗe ta kan wani firist da matarsa
da furfura ta riske su ba haihuwa,
da wanda ya rasa komai ya zauna cikin toka.
An ma aiko ta cikin wasiƙa zuwa garin nan namu
tun ba a yi mafarkin farar hasumiya ba.

Da kakana rago ne, da an mayar da shi garke.
Wuƙa ta ci masa yatsu biyu,
ƙafar hagu yana janta,
ga zuciya kamar garwashi.

Amma wata shekara ya gano sikelinsa na cin awo,
kaɗan ne, nauyin ƙwayar zaitun uku.
Bai san tun yaushe ba.
Ya ɗauki littafin ciniki
ya bi matakalan tsohon gari, gida gida,
da tsaba ƙunshe a takardar naɗe nama.
Kwana goma sha ɗaya yana hawa.
Wasu suka yi masa dariya.

Ranar addu'ar arba'in ɗinsa
aka raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci.
Stamatia, wadda ko tsuntsu ya gifta sai ta ga laifinsa,
ta ɗebi cokali guda,
ta daɗe tana tauna, tana lalube.
Can ta haɗiye, ta ce, kamar an yi mata ƙwace:
“Ban same shi da komai ba.”

Sikelin na rataye a kicin ɗina.
Har yau yana cin awo.