Furen Yini Guda

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo
a wata 'yar rumfa kusa da Bata,
gilashi manne a ido ɗaya,
ina tona hanjin lokaci da hantsaki.
Da wayar hannu ta cinye sana'ar
sai na rufe akwati na dawo Gyaɗi-Gyaɗi,
na tarar da tsakar gida tana kallona.

Saiwar farko tsinto ta na yi
a Bompai, inda ake rushe gidan wani Kwara.
Lebura ya watso ta cikin ɓaraguzai
kamar yatsun rogon da ya rame.
Na jefa aljihu, ban san sunanta ba.
Wata tara tana ganye, ganye kawai,
kamar albasar da ta manta aikinta.
Sai wata Laraba, mun sauko daga Asuba,
na ga ta buɗe baki, ruwan goro,
da ɗan zinare can cikin maƙogwaro.
Na leƙa kiran Gambo, an ce ya tafi Dawanau.
Kafin ya dawo da almuru
ta naɗe kamar tsumman da aka matse.
Ya ce, "Ita ce wannan?"
Na ce, "Ita ce ɗazu."

Yanzu iri goma sha bakwai gare ni.
Wata direban tirela ya kawo daga Jos
cikin gwangwanin madara,
wata kuwa agogon bango na bayar a kanta
ga wata malama a Samaru, ban yi nadama ba.
Sunayensu na takarda ba sa zama a harshena,
don haka na raɗa musu nawa:
Ruwan Ƙwai, Jan Baki, Ta Gidan Kwara,
Mai Jinkiri, wadda ba ta tashi sai hantsi,
da Hansatu, sunan ƙanwata.
Ita ma ba ta daɗe ba.

Kano ba ƙasarsu ba ce, sun sani, na sani.
Da bazara rana kan dafa tukwanen
sai na ja su ƙarƙashin darbejiya
na lulluɓa musu jiƙaƙƙen buhu.
Jarka shida nake saya wurin mai ruwa,
biyu namu, huɗu nasu.
Saude ta ƙirga, ba ta kuma ɓoye ba:
"Da alayyahu ka shuka, da mun sha miya,
da zogale ne, da an yi kwaɗo.
Wannan fa ko baƙo ba ya jira."
Amma ran nan na kama ta,
tsintsiya a hannu, shara ta tsaya,
ta sunkuya kan Jan Baki, leɓenta na motsi.
Ban yi tari ba, na koma ɗaki.

Akuyar Gambo ta ci min uku a damina ɗaya.
Ya zo ban haƙuri da kwandon takinta.
Na karɓa, na ce ai ta biya.

Ina da tsohon littafin rasit
inda nake rubuta wadda ta buɗe, da ranar.
Ba furen da ya taɓa shiga sau biyu.
Kara ɗaya kan ɗauko toho goma sha,
kowanne da ranarsa, ba mai tsallake layi.

Da magariba nakan zaga in tsinke waɗanda suka gama,
su bar min launi a yatsu
har sai ruwan alwala ya tafi da shi.
A da, mutum kan miƙo min agogo ya ce,
"Ya tsaya, Malam Datti, tayar min."
Waɗannan ba mai wana su,
ba kuma wanda aka taɓa kawo min gyara.

Ɗazu na taɓa wani toho, ya cika, ya yi taushi,
bakinsa ya soma ja.
Saude, idan kin riga ni farkawa ki tashe ni.
Gobe ta Hansatu ce.