Jan Wando

Mu ashirin da uku muka bar kwarinmu na Wales,
ruwan sama na dukan rufin bas,
ramin kwal da aka rufe tun muna da gashi
ya raka mu da ido har kwanar asibiti.
Shekara biyu muna tara kuɗin zuwa zari-ruga:
gwanjon kek, wankin mota,
Emlyn ya sayar da babur bai gaya wa matarsa ba.

A filin jirgi na'ura ta yi ta kuka.
Gwiwar Idwal ƙarfe, ƙugun Gwilym ƙarfe.
Jami'in ya ce, "Gasa za ku, ko gareji?"

Kwana guda a hanya, sai Mar del Plata,
iska mai gishiri, Nuwamba da rana tsaka.

Ni aka haɗa ɗaki da Meurig.
Tegwen ta damƙa mini takarda a ninke:
farar ƙwaya da safe, shuɗiya da dare,
kada ka bari ya fita shi kaɗai.
Sau uku ya tambaye ni sunan garin,
sau uku na faɗa.
A na huɗu na ce, "Wasan waje ne."
Ya ce, "To." Wannan kam ya gane.

Dokar gasa: wanda ya haura sittin, jan wando.
A tare shi, a riƙe shi, ba a kai shi ƙasa.
Meurig ya juya wandon a hannu
kamar an miƙo masa kayan wani.
"Ni ne ba za a kayar ba?
Ni da na bar haƙori biyu a laka?"

Tsofaffin garin suka fito, tumbi a gaba,
kyaftin ɗinsu Anselmo, likitan shanu,
gemu fari, wuya kamar turmi.
Turereniyar farko, kafaɗa ta sami kafaɗa,
gaɓoɓi na ƙara, fili na warin man zafi,
wani a ƙasa yana neman gafara da Sifaniyanci.

Ƙwallo ta fita gefe. Ni ne mai jifa.
Na ɗaga ta bisa kai, sai kaina ya yi fayau.
Kiran ya ɓace mini.
Ni, mai lafiyar. Ni, mai riƙon takarda.

Sai murya daga tsakiyar layi:
"Kwal, bakwai, kwal!"
Kiran da muka binne tun saba'in da tara.
Hannuna ya riga ni tunawa.
Bai yi tsalle ba, wa ke tsalle a nan?
Ya miƙa hannu kawai,
ta sauka a ciki kamar ta san gida.

Taku takwas ya yi. Na ƙirga.
Anselmo ya rungume shi yadda doka ta ce,
Meurig ya yi masa tsawa a fuska
da harshen da mutumin bai taɓa ji ba.
Likitan ya dube ni. Na gyaɗa kai.
A hankali, kamar mai kwantar da ɗan maraƙi,
ya kai shi ƙasa.

Usur. Laifi ne, mun sani.
Meurig ya miƙe da ciyawa a gwiwa,
yana zagi, yana dariya.

Sun ci mu. Nawa? Ba wanda ya rubuta.
Da yamma haƙarƙari a kan garwashi,
waƙarmu ta ci karo da tasu, ba wadda ta faɗi.

Da dare na ba shi shuɗiyar.
Ya zauna bakin gado yana duban gwiwarsa.
"Mun yi wasa?"
"Mun yi."
"Na kama?"
"Ka kama."

Wandon ban wanke shi ba.
Na ninke shi da korensa, da ƙasar Ajantina,
na sa takardar Tegwen a aljihunsa.