Rubutun Baibai

Abin da na fara koya a shagon Malam Kyari,
bayan kasuwar Dole, kusa da masu ɗinkin katifa:
in kana son suna ya fito daidai a bayan mutum,
sai ka yanke shi a baibai.
Dama ta koma hagu, hagu ta koma dama,
sannan ka kifa shi, ka danne.

Inji ba ya son gaggawa, ba ya son nawa.
Zafi ɗari da sittin, daƙiƙa goma sha biyar.
Ka ɗaga, ka bar leda ta sha iska,
ka ɓare ta daga kusurwa kamar ɓawon dafaffen ƙwai.
In ka yi sauri harafi ya bi ta.
In ka daɗe riga ta yi ja, sai biya.

Ranar Alhamis samarin Garin Malam suka zo
da riguna sha huɗu cikin buhun shinkafa,
shuɗi, 'yan gwanjo, har da ƙanshin jirgin ruwa.
Jikka bakwai suka tara, wata duk tsaba ce.
Gobe bayan la'asar za su kara da Kara-Kara.

Na buga biyar, kuran ya tafi.

Na zauna ina kallon inji yana hucewa
kamar tukunyar da aka janye wa itace.
Magariba ta yi, isha ta yi, ƙwai bai lumshe ba.
Na kwashi sauran na nufi gida Birni,
ta tsakanin duwatsun da ke amayar da zafin yini.

Inna Barira ta jawo dutsen gugarta daga ƙarƙashin gado,
wanda ya ciyar da mu shekara ashirin
da kayan mushe da na ma'aikatan asibiti.
Ta zuba garwashi, ta fifita,
ta tofa wa gindinsa yawu, ya ce cas.
Ta ce, ya yi.
Na ce, Inna, ba shi da agogo.
Ta ce, salati uku, kar ka ci baki.

Muka shimfiɗa zane a kan tabarma,
na danna da nauyin kafaɗa, tana riƙe da tocila.
Nafi'u ya fito. Sahabi ya fito, lamba huɗu.
Gambo ya ɗan ɗaga kunne, muka ƙara masa salati.
Garwashi ɗaya ya faɗo mini a wuyan hannu,
ban saki ba, don harafi na ƙasa.

Ta ƙarshe, barci ya riga ya shiga idona.
Na ɓare leda, na duba, na sake dubawa:
IRATUM, kowane harafi ya juya mini ƙeya.
Tun a wurin yanka na manta ban juya shi ba.
Abin da zafi ya kama kuwa, farce ba ya ƙwato shi.

Da safe Mutari ya ɗaga rigarsa ya yi shiru.
Na ce zan biya. Ya kai ta gaban madubin wani kabu-kabu,
sunansa ya miƙe tsaf a ciki.
Ya yi dariya har da dafa bango:
bar ta, mai tsarona zai tsaya haɗa baƙi,
kafin ya gama na wuce.

Ban je filin ba, kuran ya dawo, aiki ya taru.
An ce sun sha kashi biyu da ɗaya.
An ce ɗayan Mutari ne.

Yau wata takwas. Ina ganin rigunan a gari,
kan mai tura ruwa, kan ƙanen wani.
Na inji sun fara tsagewa, sifili ya zama wata.
Na Inna suna nan daram.
Ban gaya wa Malam Kyari ba.

A wuyan hannuna akwai ɗan tabo, kamar ƙwayar gero.
Shi kaɗai na taɓa bugawa
ba leda, ba kuɗi, ba a baibai ba.